Kwamfutar Gem a Ƙasar Rano da Kibiya: Auna Kafin Ka Saya

Dattawan da suka yi aiki zamanin En'e sun san abin da ke ran malamin ofis in ya kama aiki sabo-sabo. Ba wani abu ba ne sai keke. Ya kan yi wata da watanni yana tara sule da sisi, ko kuwa ya karɓi bashin keke a riƙa yanka cikin albashinsa, ran da ya hau kuwa duk unguwa ta san an sami ma'aikaci. To, fam da sule sun ba naira wuri tun 1973, aikin En'e kuma ya koma hannun ƙananan hukumomi, amma halin ɗan Adam bai sake ba. Yau abin da ke ran ƙaramin ma'aikaci a Rano ko Kibiya, da malamin makaranta a Rurum ko Tarai, da 'ya'yansu waɗanda suka gama sakandare, shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda a ke ce wa laftof. Cikin samari kuwa akwai masu cewa in ba irin wadda aka ƙera don buga gem ba, to, ba su so.

Ita wannan kwamfuta ta gem ta bambanta da ta ofis, gama an sa mata wani inji na musamman wanda aikinsa zana hotuna masu motsi, ga fankoki biyu, ga caja mai nauyi kamar tubali. Kamfanoni da yawa na yin ta: Lenovo na da Legion da LOQ, ASUS na da ROG da TUF, HP na da Omen da Victus, Acer na da Nitro da Predator, Dell kuma na da Alienware. Kada mai karatu ya ce ai wannan kayan wasan yara ne, ba ruwan dattijo da shi. Ƙarfin nan da ke buga gem shi ne ɗalibin injiniya ke bukata don zanen gini da AutoCAD, shi ne kuma mai ɗaukar hoton biki ke bukata don tace bidiyo. Sau da yawa kuɗin uba ne za a kashe, ko na adashi, ko na bijimin da aka yi kiwo shekara guda. Don haka muka ga ya kamata mu tattauna da malamai kan abu huɗu da mai saye zai auna, watau kuɗi, da ƙarfi, da faɗin allo, da yadda ta ke jure zafi. Masu talla su kan fara da ƙarfi su ƙare da ƙarfi. Mu kuwa abin da za mu nuna shi ne, a ƙasarmu zafi da wuta su ne alƙalai, ƙarfin da ka biya kuɗinsa ba za ka mora ba sai gwargwadon abin da suka yarje maka.

KUƊI

Babu inda a ke ƙera waɗannan kwamfutoci a Nijeriya, duk da dala a ke shigo da su, saboda haka farashinsu na bin dala kamar raƙumi da akala. A watan Mayu na 1923 ba mu san wannan magana ba, amma a watan Mayu na 2023, sa'ad da dala ta ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, ko malamin firamare ya san ta. Cikin watan Yuni na shekarar nan aka sakar wa naira mara, kafin watan Fabrairu na 2024 ya ƙare dala ta haura naira 1,500. Bari mu yi lissafi irin na 'yan aji huɗu. Sabuwar kwamfutar gem ta ƙasa-ƙasa a Amurka ta kan kai wajen dala 800. In dala tana naira 1,500, naira 1,200,000 ke nan, ba a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a ƙarshen 2024 kuwa naira 71,000 ne. Watau mai wannan albashi sai ya tara na wata goma sha bakwai cur, bai ci ba, bai sha ba, kafin ya kai ga kuɗin. Abin da ya kai haka ba a sayensa da gaggawa.

Saboda wannan tsada yawancin mutanenmu ta hannu su ke saye, wadda a ke ce wa 'yar Landan ko 'yar Kwatano. A kan sauke su a kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Ikko, daga can su iso Kano, a same su a Titin Beirut da Farm Centre da Sabon Gari. Ba laifi ba ne sayen ta hannu, da tsohuwar zuma a ke magani. Amma fa a sani kwamfutar gem ta hannu ba kamar ta ofis ta hannu ba ce. Ta ofis mai yiwuwa wasiƙu kaɗai aka buga da ita, ta gem kuwa an yi shekara uku ko huɗu ana yi mata sukuwa dare da rana. Araha ba ta ado. In ka ga an karya farashi ƙwarai, tambayi dalili.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta jikin rasit. Mai sayen doki ba kuɗin doki kaɗai ya ke lissafawa ba, har da harawa da dawa da kanwa. Harawar wannan kwamfuta wuta ce. Laftof ta ofis cajarta wat 45 ce ko 65. Ta gem cajarta ta kan fara daga wajen wat 150, manya har su kai 330. Batirinta kuwa ba ya wuce abin da dokar jiragen sama ta yarda a shiga da shi, don haka in ana buga gem ba wuta, cikin sa'a ɗaya zuwa biyu ya kan ƙare, ita kuma ta kan rage ƙarfinta da kanta da zarar an cire caja. Mutanen Arewa ba su manta da ƙarshen watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da manyan layukan wuta suka lalace aka yi kwanaki ana cikin duhu. Wanda zai dogara ga janareta ya tuna litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ran 29 ga Mayu 2023, ta kai wajen naira 1,000 a ƙarshen 2024. Wanda zai dogara ga sola kuma ga lissafinsa: babban batirin inbata irin na dalma, mai lamba 200, in ba a so ya mutu da wuri, rabin abin da ke cikinsa kaɗai a ke sha. Wannan rabi zai riƙe kwamfutar da ke cin wat 200 wajen sa'a biyar, alhali zai riƙe ta ofis fiye da yini da kwana. Kafin ka je kasuwa, malam, zauna ka ƙirga sa'o'in da unguwarku ke samun wuta cikin mako, gama wannan lissafi yana cikin farashi.

ƘARFI

Abu huɗu ke haɗuwa su ba kwamfuta ƙarfi. Na fari ƙwaƙwalwarta, wadda 'yan kasuwa ke kira furosesa. Na biyu injin zane, wanda su ke kira girafik. Na uku ram, watau faifan da ta ke baza aikin da ke hannunta a kai. Na huɗu rumbun ajiya.

Inda a ke yawan yaudarar mutane shi ne wurin furosesa. Mai shago zai ce maka, "Malam, wannan i7 ce," kai kuwa ka ji bakwai ta fi biyar sai ka miƙa kuɗi. Alhali kamfanin Intel ya daɗe yana fitar da sabon zubi kusan kowace shekara da waɗannan sunaye. Sai ka dubi lambar da ke biye. In ka ga i7-6700HQ, shidan nan na nufin zubi na 6, na wajen 2015. In ka ga i5-12450H, zubi na 12 ke nan, na 2022, ita kuwa wannan i5 ta yi wa waccan i7 fintinkau. Dubi harafin ƙarshe kuma: H na masu aiki mai nauyi ne, U na masu tattalin batir. Ga wani dalili babba da ya sa kada ka yarda da tsohon zubi. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa bisa ƙa'idarsa sai furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen ta kamfanin AMD daga jerin 2000. Wanda ya sayi abin da ya gaza haka ya sayi gidan da mai shi ya daina yi wa yaɓe.

Injin zane shi ne ya raba kwamfutar gem da sauran, yawanci kuwa na kamfanin Nvidia ne. GTX 1650 ta fito a 2019, jerin RTX 30 na laftof a 2021, jerin RTX 40 a 2023, jerin RTX 50 a 2025. Kowane inji yana da nasa ram dabam: GTX 1650 gig 4, RTX 4050 gig 6, RTX 4060 gig 8. Amma ga wani sirri da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe jikin kwali. Suna ɗaya ba ƙarfi ɗaya ba ne. Nvidia ta bar wa masu ƙera laftof zaɓi su ba RTX 4060 wuta tun daga wat 35 har zuwa 115, gwargwadon zafin da gangar jikin kwamfutarsu za ta iya fitarwa. Saboda haka kwamfuta biyu na iya zama gefe da gefe a shago ɗaya, kowace an manna mata RTX 4060, amma siririyar an ɗaure nata injin da dabaibayi, mai kaurin kuwa an sake shi. Tambayi wat nawa aka ba injin zanen. In mai shago bai sani ba, rubuta lambar kwamfutar ka duba a shafin kamfanin da ya yi ta.

Game da ram, gig 8 ya yi kaɗan ga gem na yanzu, 16 shi ne daidai. Tambaya ko a kan iya ƙarawa, gama akwai waɗanda aka liƙe nasu ba ya ciruwa. A sani kuma ram ya yi tsada ƙwarai a duniya a ƙarshen 2025, saboda manyan kamfanonin da ke gina injunan ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashewa. Rumbun ajiya kuwa lalle ya zama irin na zamani da a ke kira SSD, kada ya gaza gig 512, domin gem guda ɗaya na iya cinye gig 100.

Bayan duk wannan, tambayi kanka, ko ka tambayi yaron, wane aiki za a yi? In ƙwallon ƙafa ce, watau eFootball, ko wanda a da a ke kira FIFA aka sake masa suna EA Sports FC a 2023, ko GTA V da ta zo kwamfuta tun 2015, to, GTX 1650 ko RTX 3050 ta isa a buga. In rubuta jarrabawa ce da lissafin maki da koyon amsa tambayoyin JAMB a kwamfuta, ba a bukatar injin zane ko kaɗan, laftof ta ofis mai kyau ta wadatar da rabin kuɗin ko ƙasa. Daidai ruwa daidai tsaki.

FAƊIN ALLO

Allon kwamfuta, wanda a kasuwa a ke ce wa sikirin, daga kusurwa zuwa kusurwa a ke auna shi da inci. Waɗanda aka fi samu su ne inci 14, da 15.6, da 16, da 17.3, da 18. Ido na son babba, gaskiya ne, allon inci 17.3 kuwa ya fi na 15.6 fili da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Amma babban allo babbar ganga ce. Mai inci 17 ko 18, in aka haɗa da cajarta, ta kan haura kilo uku, wani lokaci ta kai huɗu. Malamin da zai rataya wannan a baya bisa babur kullum daga Rano zuwa Saji ko Zurgu, ko daga Kibiya zuwa Durba, kafin zango ɗaya ya ƙare zai fara barinta gida. Ban da nauyi, girgizar hanya ta fi cin babban murfi, wurin maƙalarsa ya ke fara tsagewa. Mai inci 14 kuwa daɗin ɗauka gare ta, sai dai cikinta ƙunci ne, fankokinta ƙanana, ga tsada. Ga mutumin ƙasar zafi, inci 15.6 ko 16 su ne tsaka-tsaki.

Ban da faɗi akwai yawan ɗigo. Hoton da ka ke gani ɗigo-ɗigo ne aka jera. Allo mai 1920 sau 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Mai 2560 sau 1440 yana da 3,686,400, watau ya kusa ninki biyu. Hotonsa ya fi tsafta, amma kowane ɗigo injin zane ne zai cika shi, sau da yawa cikin kowace daƙiƙa. Ƙarin ɗigo ƙarin aiki ne, ƙarin aiki ƙarin wuta, ƙarin wuta kuwa ƙarin zafi. Wanda ya haɗa ƙaramin inji da allo mai ɗigo da yawa ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Akwai kuma saurin sake hoto: allon ofis sau 60 ya ke sakewa cikin daƙiƙa, na gem sau 144 ko 165. Wannan na sa motsi ya yi santsi, amma sai in injin na iya zana hotuna da wannan sauri, in ba haka ba ka biya kuɗin abin da ba ka gani.

Kada a manta da haske. Ajujuwanmu da ofisoshinmu a buɗe su ke, rana na shigowa ta taga. Allo mai dishi-dishi, ko mai ƙyalli kamar madubi, wahala zai ba ido. In za ka gwada, fitar da ita bakin ƙofar shago ka duba, kada ka tsaya cikin duhun rumfa. Wanda ya ke son babban hoto a gida kuwa, akwai hanya mai sauƙi: ya sayi mai inci 15.6, ya haɗa ta da talabijin da wayar HDMI.

ZAFI

Nan ne gizo ke saƙa. Duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi ta ke komawa, ba ta da wata hanya. Kwamfutar da ke cin wat 200 kamar ka kunna ƙwan fitila biyu irin na da, masu wat ɗari-ɗari, ka rufe su cikin akwatin da kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba. Yadda a ke fitar da wannan zafi abin sha'awa ne. Bisa furosesa da injin zane an ɗora waɗansu bututai na jan ƙarfe, a liƙe su ke, cikinsu akwai ɗan ruwa kaɗan. In wajen injin ya yi zafi ruwan ya zama tururi, ya gudu zuwa ɗaya bakin inda fanka ke hurawa, can ya huce ya koma ruwa, ya dawo. Dabarar randa ke nan, wadda ruwan da ke tsattsafowa jikinta ya ke tafiya da zafi in ya bushe. Tsakanin inji da bututu kuma an shafa wani mai mai kauri don zafi ya ƙetare da sauƙi. Wannan mai ya kan bushe bayan 'yan shekaru, sai an sake shi.

To, fanka ba ta yin sanyi, iskar ɗaki ta ke ja. Kamfanoni da yawa sun rubuta cikin takardunsu cewa an yi kwamfutocinsu don aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Masu gwada su a Turai da Amurka, waɗanda samarinmu ke kallo a YouTube, cikin ɗaki mai digiri 22 zuwa 25 su ke gwaji. A ƙasar Kano kuwa, daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana ya kan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Wanda ya san Rano da bazara ya san yadda duwatsun nan ke shan rana su riƙa amayar da ita har bayan magariba, ɗakin kwano marar silin kuwa ba a magana. Furosesa in ta kusa digiri 100 ta kan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, injin zanen Nvidia kuwa tun daga wajen digiri 87. Kwamfutar da ta kai 85 a ɗakin Bature mai digiri 25, in aka kawo ta ɗaki mai digiri 40 ta kusa 100 ke nan. Daga nan sai fanka ta riƙa kuka kamar injin niƙa, hoto ya riƙa tsinkewa, wani lokaci ta mutu ɗif. Ƙarfin da ka biya naira dubu ɗari uku ƙari a kansa ya tafi, ba kuwa ɓarawo ne ya ɗauka ba. Batir ma zafi ne ajalinsa, shi ke sa ya kumbura har ya ɗaga madannai.

In bazara ta wuce ba a huta ba. Da hunturu iskar hazo na kawo ƙura mai laushi kamar gari, fankokin nan biyu kuwa aikinsu zuƙo iska. Cikin watanni kaɗan ƙura ta kan toshe haƙarƙarin da iska ke fita, ta yi kamar auduga. In bazara ta dawo ta tarar da hanya a toshe, abin ya zama goma da ashirin.

Saboda haka, in aka ba ka zaɓi tsakanin siririya mai babban suna da kakkaura mai matsakaicin inji, ɗauki kakkaurar. Juya ta ka dubi cikinta: kafofin shan iska su kasance masu faɗi, mafitar iska ta baya da ta gefe, fanka biyu. In ka kawo ta gida, kada ka ɗora ta bisa katifa ko darduma ko cinya, ko da ya ke sunanta ke nan. Sa ta bisa tebur, ka ɗaga bayanta da ɗan katako ko littafi yadda iska za ta shiga ƙarƙashi. Faifan fanka da a ke sayarwa don a ɗora ta a kai yana ɗan taimako, amma ba ya mai da bazara damina. Aiki mai nauyi a yi shi da sassafe ko da dare, a soron ƙasa in akwai, gama ya fi ɗakin kwano sanyi. In an gama a rufe ta da ƙyalle ko a mai da ita jaka. Kowace shekara, in hunturu ya wuce kafin zafi ya kankama, a kai ta wurin mai gyara wanda ya san aikinsa ya buɗe ya share ƙura, in man nan ya bushe ya sake. Akwai kuma dabara wadda ba ta cin ko kwabo: cikin gem a ƙayyade hotuna su tsaya 60 cikin daƙiƙa, injin zai rage wahala, zafi ya sauka. Rigakafi ya fi magani.

RAN CINIKI

In ka shirya zuwa Kano, kada ka tafi kai kaɗai, nemi wanda ya san kan abin, wanda ba shi da kamasho wurin mai shago. Kada ka yi cinikin biri a sama, watau ka aika kuɗi saboda hoton da ka gani a waya. In ka isa, sa a kunna ta gabanka, ka buɗe wurin da Windows ke nuna sunan furosesa da injin zane da yawan ram, ka gwama da abin da aka faɗa maka, gama takardar da aka manna a jiki kowa na iya mannawa. Sa'an nan ka roƙi a sa gem mai nauyi, a bar shi yana gudana rabin sa'a. Minti biyar ba gwaji ba ne, kowane doki na da gudu a zagayen fari. Akwai manhajoji na kyauta, irin su HWMonitor, masu nuna zafin inji. In cikin rumfar kasuwa ta haura 95 ta zauna can, ko hoto ya fara tsinkewa bayan minti ashirin, ka ga abin da za ta yi maka a watan Afrilu. Kasa kunne ga fankoki, su biyun su juya, ba ƙarar gogayya. Cire caja ka ga yadda batir ke sauka. Mai da allo fari fat, sa'an nan baƙi ƙirin, ka nemi tabo ko layi. Buɗe murfi ka rufe sau da yawa. Danna kowane harafi. Dubi caja, lalle ta zama ta asali mai cikakken wat, gama ƙaramar caja na hana ta ƙarfi, ta jabu kuwa na iya ƙona ta. Daga ƙarshe a rubuta maka rasit da lambar jikin kwamfutar, da kwanakin da aka yarda ka mayar in ta ba da matsala. Wannan takarda ita ce shaidarka in wata rana aka ce kayan sata ne.

Mai shagon da ya ƙi yarda da gwaji, yi masa sallama ka shiga na gaba. Kuma ka rage wani abu cikin kuɗinka, kamar kashi ɗaya bisa goma, don jaka mai kyau, da na'urar tare wuta in ta zo da ƙarfi, da kuɗin mai gyara.

Wanda ba yawo zai riƙa yi da ita ba, ya tuna akwai kwamfutar tebur. Da kuɗi ɗaya ta kan fi laftof ƙarfi, cikinta da fili, fankokinta manya, share ta da sauƙi, in wani abu ya lalace a cire shi kaɗai a sake. Aibinta ɗaya, ba ta da batir, in wuta ta ɗauke ta ɗauke da ita.

Shawararmu ga malamai ita ce a juya lissafin da masu talla suka saba. A fara da ɗakin da za a ajiye ta da wutar da za ta ci, sa'an nan aikin da za a yi da ita, sa'an nan faɗin da za a iya ɗauka, daga baya a nemi mafi ƙarfin da aljihu zai iya cikin waɗanda suka tsallake waɗannan sharuɗɗa. Uban da ɗansa ya zo masa da sunan wata kwamfuta da ya gani a waya, kada ya kore shi, kada kuma ya miƙa kuɗi nan take. Ya zaunar da shi su yi wannan lissafi tare, da takarda da alƙalami. In yaron ya iya kare zaɓinsa ta wajen kuɗi da ƙarfi da allo da zafi, ya cancanci a saya masa. In bai iya ba, ya koyi abin da zai amfane shi ran da zai kashe nasa gumin.

Allah ya sa albarka cikin abin da muka samu, ya kiyashe mu da asara, amin.